Kallo Ya Koma Sama: Tarihin Gidajen Da Aka Kife, Daga Paris Zuwa Kajuru

 

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a ƙofar gida a nan Tirkaniya, sai ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi abin mamaki." Bidiyon wani gida ne da ke harabar Landmark a Legas. An kife shi, rufinsa a ƙasa, gindinsa yana kallon sama. A ciki gado da kujeru da tebur duk suna maƙale a bisa kan mutane, matasa sai ɗaukar hoto suke yi. Da ya gama dariya sai ya ce, "To mu me ya hana a gina mana irinsa a Kaduna?" Na ce masa ya ba ni mako guda. Amsar ce na kawo muku yau, don na ga akwai abin da marubuci zai tsinta a cikinta.

Wanda ya ga irin wannan bidiyo zai zaci wayar hannu ce ta haifi salon. Alhali ya girme ta da shekaru masu yawa. A 1900 an yi gagarumin bikin baje kolin duniya a birnin Paris, daga watan Afrilu zuwa Nuwamba, mutum kusan miliyan 50 suka shiga kallo. Don mu gane nisan lokacin, a ranar 1 ga Janairu na wannan shekarar ne Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, birnin Kaduna kuwa bai kafu ba tukuna, sai a 1917 ya zama hedikwatar Arewa. Cikin abubuwan da aka baje a Paris akwai wani gida da wani injiniya ɗan Rasha ya tsara, irin gidajen sarakunan Turai na da, amma tsaye a kan hasumiyoyinsa da bututun hayaƙinsa. Ta wajen rufi ake shiga. An kuma jera madubai a tagogi yadda in mutum ya leƙa waje zai ga filin bikin da jama'ar da ke cikinsa a kife.

Ba wanda ya gina wannan gida don a kwana a ciki. An gina shi ne don a biya kuɗi a kalla a fito. Irin wannan sana'a kuwa ba ta tsayawa sai an sami taron jama'a masu rarar kuɗi a aljihu, da ranar hutu, da hanyar zuwa cikin sauƙi. Paris ta lokacin tana da su. Jiragen ƙasa suna kwaso mutane daga ko'ina a Turai, kuma ana cikin bikin, a watan Yuli, aka buɗe layin farko na jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin. Da biki ya watse, gidan ya bi sahun sauran gine-ginen wucin gadi. Ku riƙe wannan batu na hanya da rarar kuɗi, za mu dawo kansa.

Daga nan sai mu tsallaka zuwa Amurka, birnin Orlando na jihar Florida, inda Disney ta buɗe filin wasanninta tun 1971, garin ya zama matattarar masu yawon buɗe ido. A 1998 aka buɗe wani wurin wasa mai suna WonderWorks. Ƙaton gini ne mai ginshiƙai, an yi shi kamar ya faɗo daga sama ya dira da ka a kan wani tsohon sito. Masu wurin sun gane cewa gini a kife shi kaɗai ba ya riƙe mutum, sai suka ƙaga masa tatsuniya. Suka ce wai ɗakin bincike ne na asiri da ke yankin Bermuda, masana suna gwajin guguwa sai ta fi ƙarfinsu, ta tumɓuke ginin ta yar da shi a Orlando. Kowa ya san ƙagagge ne, amma yaro yana shiga da labarin a kansa, ya fito yana ba wasu.

Wanda ya fi jan hankalina yana wani ƙauye mai suna Szymbark a arewacin ƙasar Polan, ba nisa da birnin Gdansk. Wani ɗan kasuwa mai sana'ar gidajen katako, Daniel Czapiewski, shi ya gina shi a 2007. Shi bai buƙaci ƙaga tatsuniya ba, don ƙasarsa tana da labarinta. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu Polan take ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, har 1989. Czapiewski ya kife gidan ne don ya nuna yadda rayuwa ta kasance a birkice a wancan zamani. Ya zuba kayan ɗaki irin na lokacin, har da tsohuwar talabijin mai nuna farfagandar gwamnatin da ta shuɗe. Ta tagar da ke jikin rufi ake shiga, a taka silin a matsayin daɓe. A harabar kuma akwai wani tsohon gidan katako da aka ɗauko daga Siberiya, da taragun jirgin ƙasa irin waɗanda aka riƙa kwasar 'yan Polan a ciki zuwa can. Saboda haka dattijon da ya kai jikansa yana da abin da zai nuna masa da yatsa ya ce, haka muka rayu.

Aikin ginin ya ci kwana 114, alhali gidan katako irinsa a 'yan makonni kamfanin ke gama shi. Dalili shi ne jiri da ya riƙa ɗibar kafintoci, sai sun fito sun huta. Ga yadda abin yake. A can cikin kunnen mutum akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da wasu 'yan ƙwayoyi, su ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙasa take da inda sama take. Ido kuma yana kawo nasa rahoton daga bango da ƙofa da taga. A gidan da aka kife, wanda kuma galibi akan ɗan karkatar da shi da gangan, kunne ya ce ga ƙasa nan, ido ya ce a'a tana can. In shaidu biyu suka saɓa, sai hajijiya ta kama mai shari'a. Wannan jirin yana cikin abin da mai tikiti yake saya.

Shekara guda bayan haka, a 2008, wasu 'yan Polan biyu suka buɗe wani a Trassenheide, a tsibirin Usedom na Jamus, inda komai na ciki har banɗaki aka maƙala a sama. Lokacin ya zo daidai da yaɗuwar waya mai kyamara da Facebook. Mutum ya tsaya ya ɗaga hannu, a ɗauke shi, ya juya hoton, sai a gan shi yana reto daga silin kamar jemage. Daga nan abin ya bazu. An buɗe wani a jihar Sabah ta Malesiya a 2012, akwai a Hartbeespoort a Afirka ta Kudu, ga kuma na Legas da yaron nan ya nuna mini. Yawancin na baya-bayan nan kamar an buga su a inji ɗaya. In ka ga hoton ɗaya ka ga na saura, kuma wanda ya je sau ɗaya da wuya ya sami dalilin komawa.

Yanzu mu dawo gida. A Arewa ma akwai gine-ginen da aka yi don ido. A unguwar Asokoro ta Abuja akwai gidan da wani ɗan asalin Lebanon ya ɗora wa siffar jirgin sama a kan rufi saboda matarsa mai son tafiye-tafiye. A nan Kaduna, a lambun Gamji, akwai gadar Lugga, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan ta zama abin kallo. Amma wanda ya fi kusa da abin da muke magana a kai shi ne ginin Kajuru, kimanin kilomita 45 daga cikin gari in ka bi hanyar Kachiya.

Wani Bajamushe mazaunin Kaduna mai suna Gerhard Huebner ne ya gina shi a shekarun 1980, aka kammala a 1989. Ya sa an fasa dutse an ɗora ganuwa mai kauri kamar mita guda a kan tsauni, da hasumiyoyi, da ɗakin makamai irin na mayaƙan Turai na da, da ɗakuna masu siffar kurkuku, da wurin ninƙaya, har da ramin kadoji. Ba a kife ginin yake ba, amma ɗan uwan na Paris ne ta wajen dabara: a ɗauko abin da ido ya san mazauninsa a ajiye shi inda ba a zata ba. Fadar da ta dace da dusar ƙanƙarar Bavariya, sai ga ta a tsakiyar duwatsun ƙasar Adara, ƙurar hunturu na kaɗa ta.

Tambayar da mai rubuta tarihi zai yi ita ce, wace irin Kaduna ce ta iya ɗaukar wannan gini? Amsar tana nan kudancin kogi, a maƙwabtanmu. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. A shekarun 1960 Arewa Textiles ta biyo baya da hannun Japanawa, sai UNTL da jarin 'yan kasuwar Sin na Hong Kong. A 1964 aka kafa masana'antar makamai ta DICON da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. A 1975 Peugeot ta fara haɗa motoci, a 1980 aka buɗe matatar mai wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina. Gari ya cika da baƙi daga ƙasashe daban-daban, da dubban ma'aikata 'yan ƙasa masu albashin ƙarshen wata. Unguwanni irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya sun cika ne da mutanen da suka biyo wannan aiki, daga kowace kusurwa ta Najeriya. A irin wannan gari, mutum zai iya shafe shekaru yana ɗora dutse kan dutse a daji, ya kwana a can da baƙinsa, ba tare da fargabar hanya ba.

Kafin a gama ginin Kajuru, ƙasar da ke ƙarƙashin wannan arziki ta fara zaftarewa. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da masaƙu ke ƙonawa ya yi wuya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, ga kuma fasa-ƙwauri ta iyakokin Benin da Nijar. A farkon 2005 yarjejeniyar da ke taƙaita cinikin tufafi a duniya ta ƙare, yadin Sin ya malale kasuwanni. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran ma ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin ma'aikata da matan waɗanda suka rasu sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu. A tsakanin nan rikicin 2000 da na 2002 suka raba garin, maƙwabtan shekara ashirin suka kwashe kaya, wasu suka haura arewacin kogi, wasu suka gangaro kudu.

Wani abin lura shi ne, a daidai lokacin da masaƙu suka yi shiru ne sunan Kajuru ya fi tashi. Wayar da ta tallata gidajen Polan da Jamus ita ta tallata shi. Matasa daga Abuja da Legas suka riƙa haɗa kuɗi su yi hayar wurin, a ɗauki hoto a kan ganuwa. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da ya fara aiki a 2016 ya ƙara sauƙaƙa zuwan. Sai ranar 19 ga Afrilu, 2019, 'yan bindiga suka far wa wurin da dare, suka kashe baƙi biyu, wata ma'aikaciyar agaji 'yar Birtaniya da wani ɗan Najeriya, suka tafi da mutum uku. A ranar 28 ga Maris, 2022 kuma aka kai wa jirgin ƙasan hari, ya daina aiki har watan Disamba. Ganuwar dutsen tana nan yadda Bajamushen ya bar ta. Amma duk wanda zai je yanzu sai ya fara tambayar lafiyar hanya kafin ya tambayi kuɗin shiga.

To ga amsar da na ba ɗan yayata. Na ce masa gina gida a kife ba gagara ba ne. Masu walda na Panteka da kafintocin garin nan za su iya, in aka ba su zane da kuɗi. Abin da ke riƙe irin wannan gida shi ne abin da Paris take da shi a 1900 kuma Kaduna take da shi a 1980: mai albashin da zai iya fitar da kuɗin tikitin 'ya'yansa ba tare da tukunya ta yi kuka ba, da hanyar da baƙo zai biyo hankalinsa kwance. Legas ta samu nata ne don tana da taron masu rarar kuɗi. Na kuma ce masa, ko da an gina mana, in dai kwafin na Legas ne, wata uku ya isa kowa ya ɗauki hotonsa a watse.

Sai ya ce, "To da kai ne, Kawu, me za ka sa a ciki?" A nan ne na tuna da Szymbark. Czapiewski ya dubi tarihin ƙasarsa ya ga wani zamani da komai ya koma kai ƙasa ƙafa sama, ya gina masa gida. Mu ma muna da namu zamanin. Ƙasar da ke noma auduga a Funtuwa da Gusau, ta gurza, ta saƙa a Kakuri, ta sayar har ƙetare, yau ita ke zuwa Kantin Kwari sayen atamfar da aka buga a Sin da zanenmu a jiki. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kula da injin saƙa ya koma gadi ko acaɓa. Ɗakunan hayar da ake rububi saboda kusancinsu da ƙofar masana'anta sun koma hannun waɗanda ba su taɓa jin ƙarar jiniyar canjin aiki ba. Da za a kife gida a Tirkaniya a maƙala keken ma'aikaci a sama, da katin shaidarsa, da kwanon abincinsa, da takardar sallamar da ba a biya kuɗinta ba, ba sai an ƙaga wata guguwar Bermuda ba. Dattawan unguwa da kansu za su yi wa baƙi bayani.

'Yan uwa, a nan ne abin ya shafe mu. Yawancinmu ba mu da kuɗin katako da ƙarfe, amma muna da biro da waya. Ina karanta gajerun labaran da ake turowa a wannan zaure, kuma na lura da yawanmu muna son dabarar kifewa: a fara labari daga ƙarshe, ko gawa ta ba da labari, ko a wayi gari mata sun zama maza. Ba laifi ba ne, dabara ce mai kyau, kuma tatsuniyoyinmu cike suke da ita. Sai dai kafin ka kife labarinka, ka tambayi kanka me mai karatu zai gani a kife wanda ba zai gani a miƙe ba. In amsar ita ce babu, to ka gina irin gidan ɗaukar hoto ne, za a yaba a wuce. Na Szymbark yana sa jiri kamar sauran, amma mai fita yana fita da sanin wani abu game da rayuwar iyayensa.

Kuma kayan aikin suna ƙarewa. Wanda ya shiga masaƙa yana ɗan shekara ashirin a 1975 yau ya kai saba'in. Su ne suka san yadda ake raba aikin safe da na rana da na dare, da abin da ake sayarwa a bakin ƙofa ranar albashi, da yadda ƙurar auduga ke zama a ƙirji, da yadda Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo suka yi aiki a layi ɗaya suna cin abinci a kwano ɗaya. Su ne kuma suka san ranar da aka zo aka tarar da ƙofa a kulle, da abin da mutum ya gaya wa matarsa da ya koma gida. Takardun gwamnati za su ba ka shekarar buɗewa da ta rufewa, kamar yadda na jero muku a sama. Sauran sai a bakin waɗannan mutane.

Saboda haka aikin wannan mako ga mai sha'awa: ka nemi dattijo ko dattijuwa ɗaya da ta yi aiki a masaƙa, ko a wata masana'antar da ta mutu a garinku, Kano ce ko Gusau ko Zariya ko Maraɗi. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nemi izini, ka zauna ka saurara. Kada ka tambaye shi ra'ayinsa kan tattalin arziki. Tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, me yake sawa, wa ke tsaye kusa da shi a wurin aiki, me ya fara saya da albashinsa na farko. Ka rubuta shafi ɗaya ka turo nan ƙasa, ba tare da sunansa ba sai in ya yarda. Ni ma na yi alkawari da wani maƙwabcinmu ranar Laraba bayan la'asar, kuma ɗan yayata ya ce zai raka ni ya riƙe wayar ɗaukar murya.

Wanda ya ga gyara a shekaru ko sunayen da na kawo, ƙofa a buɗe take. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da garinmu da hanyoyinmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.